Dabaibayin Mota: Yadda Za Mu Tsare Motocinmu A Ƙofar Gida

Muna rubuto wannan bayani ne daga nan Gadarif, a gabashin ƙasar Sudan, a kan wata matsala da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, watau fasa motoci da sace su a cikin unguwa, a ƙofar gidan mai su, shi kuwa yana ciki bai san wainar da ake toyawa ba.

Abin da ya tayar da maganar shi ne abin da ya sami wani ɗan'uwanmu, abokin fatauci, wanda ba za mu kama sunansa ba. Ya sayar da bijimai ranar kasuwa, ya dawo gida wajen la'asar da kuɗin a cikin jaka a ƙarƙashin kujerar mota. Ya ce bari ya shiga ya yi salla ya sa wani abu a cikinsa, sa'an nan ya fito ya kai wa masu kuɗi kuɗinsu. Ya danna rimot yana tafiya, bai waiwaya ba. Ko da ya fito, gilashi lafiya lau, ƙofa ba a ɓalle ta ba, amma jaka ta yi layar zana. Fiye da rabin kuɗin kuwa na makiyayan Butana ne da suka ba shi dabbobinsu amana. Sai da ya sayar da filinsa ya biya su. Abin da ya fi wannan ciwo, da ya ga ba a fasa komai ba sai zarginsa ya faɗa kan yaron motarsa, wanda ya shekara bakwai tare da shi, ya kore shi. Sai daga baya wani bakanike ya yi masa bayanin yadda ake hana mota kulluwa daga nesa. Kuɗi sun tafi, yaro ya tafi, ga kuma haƙƙin zato a wuya.

To jama'a, mu da muka tashi a cikin dabbobi mun san tsaron dukiya. Ba mai barin sa a bakin hanya ba turke, ba mai kwana da raƙumi ba dabaibayi, ba kuma mai sayen saniyar da ba a san mai ita ba. Amma motar da kuɗinta ya kai na ƙaramin garke, sai mu danna mata ɗan maɓalli mu shige gida mu hau minshari. Manufar wannan takarda ita ce mu mayar da mota cikin dokar da muka riga muka sani ta dabba.

ME YA SA MU AKE HARI?

Na farko, kowa ya san ranar kasuwarmu, kowa kuma ya san falke da tsabar kuɗi yake yawo. Wanda ya ga ka sallama bijimai da hantsi a Shuwak ko a karar Gadarif, ya san abin da ke cikin motarka da yamma. Na biyu, irin motocin da muke hawa, Hilux da Land Cruiser, waɗanda a nan ake ce wa boksi da tatsha, su ake nema ruwa a jallo, domin su ke iya hanyar daji, kuma kayan gyaransu ba sa kwantai daga nan har Cadi da Nijar.

Na uku shi ne yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. An kwashe motocin jama'a masu ɗimbin yawa a Hartum da Umdurman da Bahri, wasu aka tsallaka da su ƙasashen maƙwabta, wasu aka kwance su aka sayar da kayan. Da Wad Madani ta faɗi a watan Disamba 2023, Sinja kuma a tsakiyar 2024, dubban iyalai suka kwararo Gadarif, masu mota suka zo da motocinsu. Gidan da ke da wurin mota ɗaya ya wayi gari da uku, biyu suna kwana a titi. Ba baƙin muke zargi ba, Allah ya kiyaye, ai su suka fi kowa hasara. Abin da muke nufi, a da duk wanda ya tsaya kusa da motarka ka san ɗan gidan wane ne, da gari ya cika kuwa sai mugu ya sami inda zai saje. Soja sun karɓe Madani a Janairu 2025, Hartum kuma a Maris 2025, amma hannun da ya koyi cinikin motar sata ba ya ajiye shi don mutane sun koma gida.

Bugu da ƙari ga lakar Gadarif. Duk wanda ya yi damina a nan ya san baƙar ƙasar nan ba ta barin mota ta shiga lungu in ruwa ya zauna, dole a bar ta can bakin kwalta mai ita ya taka da ƙafa. In kaka ta yi aka kawo riɗi da dawa kasuwa, ko gab da Layya lokacin da ake kora raguna zuwa Sawakin domin Saudiyya, kuɗi na yawo a gari, masu bin sawun kuɗi ma suna yawo.

YADDA MAKULLIN ZAMANI YAKE AIKI

Makullin mota iri uku ne a hannunmu. Akwai na ƙarfe wanda ake sokawa a murɗa. Akwai mai rimot wanda ake dannawa ƙofa ta buɗe. Sa'an nan akwai na baya-bayan nan wanda ba a ma fito da shi daga aljihu, kana taɓa hannun ƙofa ta buɗe, ka danna maɓalli injin ya tashi.

Misalin wannan na ukun kamar saniya ce da ɗan maraƙinta. In aka taɓa hannun ƙofa sai motar ta yi kira ta iska, irin na rediyo, kira mai rauni wanda ba ya wuce taku ɗaya ko biyu. In makullin ya ji sai ya amsa mata da lambar sirri. Ita mota kunne gare ta, ba ta da ido. Ba ta san wanda ke tsaye a gabanta ba, amsa kawai take jira, in ta zo daidai ta buɗe, ta kuma yarda a tayar da ita. Ta nan ɓarayin zamani suka sami ƙofa.

HANYOYIN DA SUKE BI

Hanya ta farko ita ce ɗaukar murya. Mutum biyu ke yin ta cikin dare. Ɗaya ya tsaya jikin mota da wata 'yar na'ura, ɗayan ya raɓa jikin katangarka ko ƙofar zaure da tasa. Na jikin mota ya taɓa hannun ƙofa, mota ta yi kira, na'urarsa ta ɗauki kiran ta miƙa wa ta abokinsa, ita kuma ta ƙara masa ƙarfi ta watsa shi cikin gida. Makullinka da ke rataye a ƙusa bayan ƙofa, ko a aljihun rigar da ka tuɓe, sai ya ji kamar motar na gabansa, ya amsa. Shi ke nan, ƙofa ta buɗe, injin ya tashi. Kuma in ya tashi ba ya mutuwa don an yi nisa da makulli, masu ƙira sun yi haka ne da gangan don kada mota ta mutu wa mutum a tsakiyar gudu.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A 2011 wasu masana a jami'ar fasaha ta Zurik a ƙasar Suwizalan sun gwada dabarar a kan motoci iri 10 na kamfanoni 8, duk suka buɗe suka tashi. A 2016 ƙungiyar masu motoci ta Jamus, watau ADAC, ta gwada motoci 24, ba wadda ta tsira. A 2017 kuma 'yan sandan Ingila suka fitar da hoton bidiyo daga garin Solihull kusa da Bamingam, inda mutum biyu suka ɗauke wata Marsandi a ƙofar gida cikin kamar minti ɗaya, mai ita na barci, makulli na cikin gida.

Wani zai ce, ai wannan abin Turai ne, ina ruwanmu? To malam, motar da dabarar sace ta tare suke tafiya. Tun da motocin sun iso mana ta Jidda da Dubai da Libiya, na'urar da ba ta fi a sa a jaka ba ba za ta gagara isowa ba. Ba sai abu ya yi yawa a garinmu za mu tashi tsaye ba.

Hanya ta biyu ita ce toshe murya, kuma ita muke kyautata zaton ta ci ɗan'uwanmu da muka ba da labari. Wannan ta fi sauƙi, ta kuma shafi duk mai rimot, tsohuwar mota ko sabuwa. Mutum na zaune nesa kaɗan da wata na'ura mai cika iska da hayaniyar da kunne ba ya ji. Ka danna rimot, saƙon bai isa ba, mota ba ta kullu ba, kai kuma ka riga ka ba ta baya. Ba ya bukatar fasa komai, buɗewa kawai zai yi kamar tasa.

Hanya ta uku ta cikin wayoyin mota ce. Motar zamani cike take da ƙananan kwamfutoci masu magana da juna ta waya, daga injin har fitila. A 2022 aka sace wa wani masanin tsaron motoci a Landan, Ian Tabor, motarsa RAV4, bayan ya riga ya tarar sau biyu an ɓamɓare masa bamba ta wajen fitilar gaba. Binciken da ya yi da abokinsa Ken Tindell, wanda suka bayyana a 2023, ya nuna ɓarayin na cire wayar fitila ne su jona wata na'ura da aka ɓoye cikin ƙaramar sifika ta jin kiɗa, ita kuma ta yi wa motar ƙaryar cewa makulli ya zo. Don haka in ka wayi gari ka ga an taɓa maka bamba ko fitila, kada ka ce ɓarnar yara ce, ka ɗauka an zo an duba ne, za a dawo. Har wa yau akwai wata 'yar kafa a ƙarƙashin sitiyari inda bakanike ke soka kwamfutarsa in yana neman ciwon mota. In ɓarawo ya samu ya shiga, ta nan yake iya sa motar ta karɓi sabon makulli.

Hanya ta huɗu ita ce ta gargajiya, kuma kada sababbin su mantar da mu ita: a fasa ƙaramin gilashi, ko a zura waya ta inda aka bar gilashi a ɗan buɗe saboda zafin bazara, ko a biyo ka tun daga kara ko banki a jira ka tsaya sayen burodi. Akwai kuma makullin da ka bari a wurin wanki ko gareji tun safe har azahar, ba ka san hannu nawa ya bi ba. Da ɗan gari akan ci gari.

MAGANI

1. Kada kuɗi su kwana a mota, kada ma su yi zaman minti biyar ba kowa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Jaka ko da ba komai a ciki, waya, takardun dabbobi, fasfo, duk a shiga da su. In ciniki zai yiwu ta Bankak ko makamancinsa, a yi ta nan. Canjin takardun fam 500 da fam 1000 da aka fara a Disamba 2024 ya sa da yawanmu mun buɗe asusu ko da ba mu so, to mu ci moriyarsa. In dole sai tsaba, mutum biyu su tafi, ɗaya ba ya fita daga mota, a kuma riƙa sauya hanya da lokaci.

2. In ka danna rimot, tsaya ka ga fitila ta ƙifta, ka ji ƙarar kulluwa, sa'an nan ka ja hannun ƙofa da kanka. Mai makullin aljihu, tun da tasa za ta sake buɗewa in ya taɓa, sai ya duba fitila da madubi, ko ya ja ƙofar da ba ta amsa taɓi. In ka danna sau biyu ba ta kullu ba, kulle da ɗan makullin ƙarfe, ka kuma dubi waɗanda ke kusa da kai.

3. Makullin aljihu ba ya kwana a zaure, ko kusa da ƙofa, ko jikin bangon da ke kallon titi. Ka samo gwangwani mai murfin ƙarfe wanda ke rufuwa gam, ba mai murfin roba ba, ka jefa shi ciki, domin ƙarfe na tare kiran. Amma fa ka gwada: ɗauki gwangwanin a rufe ka je jikin mota ka taɓa ƙofa. In ta buɗe, nemi wani. Kada a manta da makulli na biyu da ke cikin akwatin uwargida, shi ma yana amsawa. Yawancin makullan Toyota na aljihu ana iya sa su barci: riƙe maɓallin kullewa, danna na buɗewa sau biyu, ɗan hasken jikinsa zai ƙifta sau huɗu, ba zai ƙara amsa kira ba sai ka danna wani maɓalli.

4. A koma ga dabaibayi. Ƙarfen da ake datse sitiyari da shi, ko wanda ke haɗa sitiyari da birki, ko sarƙa mai kauri da kwaɗo mai kyau, duk ba su san na'ura ba. Wanda ya zo da shirin minti ɗaya, in ya leƙa ya ga ƙarfe yakan wuce gaba, don yanka ƙarfe na cin lokaci, yana kuma tayar da maƙwabta.

5. Ka sa bakaniken da ka amince da shi ya yi maka ɓoyayyen makunni wanda ke yanke wutar famfon mai, a wurin da kai da shi kaɗai kuka sani. In za ka yi doguwar tafiya, zuwa Galabat da Matamma ko Bur Sudan, ka bar mota a gida, cire batir ka shiga da shi ɗaki.

6. Na'urar bin sawu tana da amfani, amma da layin waya take aiki. Mun ga yadda layuka suka ɗauke a ƙasar nan a Fabrairu 2024, ga kuma dazuzzukan da ba sabis ko a ranar lafiya. A sa ta, amma kada a dogara da ita ita kaɗai.

7. Wurin kwana. In da hali a shigar da mota cikin gida a rufe ƙofar da kwaɗo. In babu, a sa fitila mai aiki da hasken rana a ƙofar gida saboda ɗaukewar lantarki, a kuma tare mota mai tsada da wata tsohuwa ta yadda ba za ta fita ba sai an matsar da waccan. Da damina, maimakon kowa ya yar da tasa a bakin kwalta, masu mota na layi ɗaya su haɗa kuɗi su kama fili ɗaya su ɗauki mai gadi wanda aka san asalinsa, a kuma riƙa biyansa a kan lokaci. Garke ɗaya da makiyayi ya fi shanu goma a warwatse.

KADA MU ZAMA KASUWAR ƁARAWO

'Yan'uwa, a nan sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. Ɓarawo ba ya satar abin da ba shi da mai saye, mu kuma masu tsallaka iyaka mu ake fara yi wa tallar motar araha. A ƙasar Kanada an sace motoci fiye da 105,000 a shekarar 2022 kaɗai, da yawa an loda su a jirgin ruwa ta tashar Montiriyal, an kuma gano wasu a Gana da Nijeriya. A nan Sudan tun kafin yaƙi akwai motocin da ake shigowa da su ta Libiya ba takardun kwastan, waɗanda jama'a ke kira boko. Yaƙi ya zo ya ƙara da na ganima.

A kasuwannin dabbobi na Sudan akwai wanda ake kira damin, watau mai tsaya wa mai sayarwa, wanda in daga baya dabba ta zama ta sata shi za a kama. Can gida kuma akwai sarkin kara da dillalin da ya san mai dabba. Muna duba lalas a cinya da tsaga a kunne kafin mu biya. To mota ma tana da nata lalas, shi ne lambar jikinta mai haruffa da alƙaluma, yawanci guda 17, wadda ke kan shasi da jikin ƙofa. A duba ta dace da ta takarda, a shafa wurin a ji ko an goge ko an yi walda. A je da ita ofishin 'yan sandan hanya a bincika kafin a ba da ko sisi. Mai sayarwa ya kawo makulli biyu, in ɗaya ya kawo to ɗayan na hannun wani, sai a sa a soke shi daga kwamfutar motar. Wanda ya ce maka sauri yake yi, ba lokacin zuwa ofis, bar shi da motarsa. In aka kama ta a iyaka, mota ta tafi, kuɗi sun tafi, kai kuma kana tsare dabbobinka na ramewa a zango. Ban da wannan ma, mun sani tun muna makaranta cewa wanda ya sayi kayan sata yana sane ya yi tarayya da ɓarawo a cikin alhaki.

IN ABIN YA FARU

Tun yau, kafin komai ya faru, kowa ya rubuta lambar shasi da ta injin da ta mota a cikin littafin cinikinsa, ya ɗauki hoton motar da takardunta, ya ajiye a gida. In aka sace, a kai rahoto wurin 'yan sanda nan take, a karɓi takardar shaida, a kuma roƙi a shigar da lambar cikin jerin motocin sata, domin 'yan sandan ƙasa da ƙasa na Intafol suna da rajista irin wannan da ake dubawa a ƙasashe da yawa. Sa'an nan a sanar da sakataren ƙungiya ya watsa wa 'yan'uwa da direbobin tirela, don idonmu ya kai inda na hukuma bai kai ba, daga Galabat har Maigatari da Mai'aduwa. Kada wanda ya bi sawu shi kaɗai, makamai sun yi yawa a hannun mutane, kuma rai ya fi mota. Daɗin daɗawa, kada a yi gaggawar ɗora wa yaron gida ko direba laifi don kawai ba a ga alamar fasawa ba. Mun dai ga yadda ake buɗe mota ba a taɓa makullinta ba.

Malamanmu sun koya mana cewa tawakkali ba ya hana a ɗaure raƙumi. Muna roƙon shugabannin rassa su karanta wa waɗanda ba sa karatun boko wannan takarda a taro na gaba, kowa kuma ya gwada gwangwaninsa a daren yau. Allah ya tsare mana dukiyarmu da amanar jama'a da ke hannunmu, ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da mafificin alheri, ya ba ƙasar Sudan da ƙasashenmu baki ɗaya zaman lafiya, amin.

Wassalam.